Wa Za Ki Gaya Wa? Nasiha ga Ɗaliban Manyan Makarantu

Ƙannena, mata da maza, na jami'a da kwalejin ilimi da foliteknik da makarantun koyon jinya.

A makon farko na shigarku makaranta an tara ku a babban ɗakin taro. An gaya muku irin tufafin da aka hana, da hukuncin satar amsa, da lokacin da ake kulle ƙofar hostel. Abin da ba kasafai ake faɗa a wannan taro ba shi ne inda ɗaliba za ta nufa idan malami ya rufe ƙofar ofis ya ce makinta yana hannunsa, ko saurayin da ta amince da shi ya yi mata fyaɗe, ko mijin da ya bar ta ta yi karatu ya mayar da duka abin yau da gobe. Ranar da irin wannan ya faru ba rana ce ta fara neman hanya ba, domin mutum a ranar ba ya cikin hayyacinsa. Hanyar tun ana zaune lafiya ake sanin ta.

Da yawanku kuna ɗauka hanya biyu ce rak a gaban wadda aka zalunta. Ko ta haɗiye abin ta bar wa cikinta har ƙarshen rayuwarta, ko ta fito fili sunanta ya zaga hostel, ya shiga WhatsApp, ya riga ta isa gida. Tun da ta biyun abin tsoro ce, sai ta ɗauki ta farko. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa fiye da rabin matan da aka taɓa duka ko aka tilasta musu lalata ba su nemi taimako ba, ba su ma gaya wa kowa ba. Ni ban ga laifinsu ba. Yarinyar da ta yi shiru lissafi ta yi, kuma lissafin nata ba na wauta ba ne. Ta san da ƙyar aka shawo kan Baffa ya bari ta zo karatu. Ta san in maganar ta fita ba ita kaɗai za a cire ba, ƙannenta da ke sakandare su ma an rufe musu ƙofa ke nan. Ta san akwai wanda ya riga ya kawo kuɗin gaisuwa. Ta san tambayar farko da za a yi mata ita ce me ya kai ta wurin. Shi kuwa wanda ya aikata ya san wannan lissafi sarai, da shi ma ya dogara tun kafin ya miƙa hannu.

Akwai hanya ta uku, ita ce dalilin wannan rubutu. Wuri ne da za ki faɗi abin da ya same ki, a duba lafiyarki, a shimfiɗa miki hanyoyin da ke gabanki, sannan maganar ta tsaya nan sai in ke da kanki kika ce ta wuce. Gaya wa mutum daban, kai ƙara daban. Haɗe waɗannan biyun da ake yi shi ne ke hana ɗalibai da yawa zuwa ko da asibiti.

A Amurka an tsara wannan rabewa, kuma su ma sai da suka sha wuya. A watan Afrilun 1986 wani ɗalibi ya shiga ɗakin kwanan wata ɗaliba mai shekara 19, Jeanne Clery, a Jami'ar Lehigh da ke jihar Pennsylvania, ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. Iyayenta suka gano an sha aikata manyan laifuka a harabar makarantar ba tare da an sanar da ɗalibai ba. Suka tashi tsaye har aka yi doka a 1990, wadda daga baya aka sa mata sunan 'yar tasu, ta tilasta wa jami'o'i bayyana yawan laifukan da ake yi a cikinsu. Ga kuma wata doka ta 1972 da suke kira Title IX, wadda ta hana nuna bambanci tsakanin mace da namiji a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kotuna kuma suka ce cin zarafi ta hanyar lalata yana cikin abin da ta hana. Da wannan ne jami'o'i da dama suka wajabta wa malamai da ma'aikata cewa duk wanda aka gaya wa irin wannan magana dole ya kai ta ofishin da aka ware. Niyyar mai kyau ce, don a daina danne ƙorafi. Amma ɗalibar da ta san maganarta za ta kuɓuce mata da zarar ta furta, sai ta ƙi furtawa. Saboda haka suka keɓe wasu mutane, masu ba da shawara da ma'aikatan lafiya da limamai da fastoci da wasu da aka horar musamman don tsaya wa wanda aka zalunta, aka ce su waɗannan amana suke riƙewa, ba sa miƙa sunan kowa sai da izininsa.

Aikin irin wannan mai tsaya wa ɗalibi bai tsaya ga saurare ba. Zai raka ki asibiti. In kin zaɓi zuwa wajen 'yan sanda, tare za ku. Zai nema miki canjin ɗaki ko canjin aji don kada ki riƙa haɗuwa da mutumin kullum, ya nemo miki ƙarin lokaci na jarrabawa ko aikin da ba ki iya gamawa ba, ba tare da malamin kwas ɗin ya san dalili ba. Duk wannan ba sai kin shigar da ƙara ba. Ku da ke shirin fita karatu waje, ku riƙe wannan: a can malamin da kuke ɗasawa da shi yana iya kasancewa cikin waɗanda dole su kai rahoto, don haka ku nemi sanin waɗanne ofisoshi ne na sirri tun kuna sababbi.

A makarantunmu na gida ofisoshin suna nan. Akwai sashen ba da shawara, akwai asibitin makaranta, akwai ofishin kula da harkokin ɗalibai, akwai masu tsaro, wasu jami'o'in suna da cibiyar nazarin harkokin mata da kwamitin sauraron ƙorafin cin zarafi. A cikinsu akwai mutanen kirki masu tsoron Allah, waɗanda za su tsaya miki kamar 'yar cikinsu. Matsalar ita ce a wurare da yawa ba a shata iyaka tsakanin mai riƙe amana da mai kai rahoto ba. Kina iya gaya wa wata ma'aikaciya da safe, ita kuma don tausayi ta gaya wa shugaban sashe, shi kuma ya kira malamin ya ja masa kunne, kafin la'asar wanda kike tsoro ya san kin yi magana. Ba wanda ya yi nufin cutar da ke a cikinsu, amma an cuce ki.

Don haka, ƙanwata, ki tambaya kafin ki buɗe cikinki. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinki ne. Ki ce: "Malama, ina da magana mai nauyi. Kafin in faɗa ina so in sani, in na gaya miki wa kuma zai ji? Za ki rubuta? Wa ke iya buɗe fayil ɗin? Za ki kira gidanmu ba da sanina ba?" In kunya ta hana ki, ki ce ƙawarki ce abin ya sama, ki ji amsar da za a ba ki. Wadda ta san aikinta ba za ta ji haushin tambayar ba. Za ta amsa miki dalla-dalla, har ta gaya miki inda sirrin ya tsaya, domin yana da iyaka. Idan ba ki kai shekara 18 ba, kuma da yawanku kuna shiga jami'a da 16 ko 17, doka tana ɗaukar ki yarinya, kuma dole a sa babba ko hukuma a ciki. Idan ranki ko ran wani yana cikin haɗari, za a nemi taimako ko ba ki so. Idan kotu ta ba da umarni, za a miƙa bayanan. Wanda ya gaya miki waɗannan tun farko shi ne abin yarda. Wanda ya ce miki "haba, faɗi kawai, ai duk mu ɗaya ne," ki yi masa godiya ki nemi wani.

Ko kin yanke shawarar kai ƙara ko ba ki yanke ba, akwai abin da ba ya jira, shi ne jikinki. A nan sa'o'i ake ƙirgawa. Akwai maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau da ma'aikatan lafiya ke kira PEP. Dole a fara shan sa cikin sa'o'i 72 bayan faruwar abin, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, kuma kwana 28 ake yi ana sha. Akwai maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa da ke aiki har zuwa sa'o'i 120, wato kwana biyar. Hana shigar ciki yake yi, ba ya zubar da wanda ya riga ya shiga. Akwai allurar rigakafin ciwon hanta, da magungunan cututtukan da ake ɗauka ta wurin saduwa. Yarinyar da ta kulle kanta a ɗaki mako guda tana kuka, ƙofar PEP da ta maganin hana ɗaukar ciki sun rufe mata ba ta sani ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai a cikin lamarin duka, domin asara ce da sani kaɗai zai hana.

Na san abin da zuciya ke so a wannan lokaci shi ne wanka, a cuɗe jiki har fata ta yi zafi, a ƙone kayan. In kin iya daurewa, ki je asibiti tukuna. Kayan da ke jikinki ki sa su a ambulan ko ki naɗe a takarda mai tsabta, kada ki sa a leda domin danshi yana lalata shaida. Ajiye shaida bai ɗaure ki ga kai ƙara ba, dama ce kawai kika bar wa kanki ko da wata rana za ki so. In kuwa kin riga kin yi wankan, kada ki ce shi ke nan. Ki je. Maganin yana nan, kuma rubutun da likita zai yi shi ma shaida ne.

Idan kina tsoron asibitin makaranta don kowa ya san kowa, akwai cibiyoyi a wajen makaranta da aka buɗe don wannan aiki kaɗai. Ta farko a Nijeriya ita ce Mirabel, da aka buɗe a 2013 a asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas da ke Ikeja, kuma kyauta take duba mutane. A Kano akwai Waraka a cikin Asibitin Murtala. A jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a cikin garin Kaduna da Zariya da Kafanchan. A Sakkwato akwai cibiyar Nana Khadija. A irin waɗannan wurare likita da mai ba da shawara da mai haɗa ki da lauya suna ƙarƙashin rufi ɗaya. Ki kuma sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya fitar da bayanin majinyaci sai da rubutaccen izininsa ko umarnin kotu ko wasu 'yan dalilai da dokar ta ambata, ta kuma hana a ƙi duba wanda ke buƙatar taimakon gaggawa.

Yanzu bari in zo ga abin da ke cin zuciya da dare. Za ki ji ana cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Za ki ma faɗa wa kanki haka kafin kowa ya faɗa miki: da ban je ba, da ban amsa wayarsa ba, da ban hau motarsa ba. Ki saurare ni. Zuwa ofishin malami karɓar gyaran furojet ba laifi ba ne. Ko da ma a ce kin je inda iyayenki ba za su so ba, wannan tsakaninki da Ubangijinki ne, bai ba wani ɗan Adam izinin taɓa jikinki ba. Mai laifi shi ne wanda ya ji an ce a'a, ko ya ga ba a so, ko ya san an sa miki abu a lemo, ya ci gaba.

Wata kuma abin da ke damun ta shi ne ba ta yi ihu ba, ba ta yi kokawa ba, jikinta ya sandare kawai. Tana ganin kamar wannan yarda ce. Ba yarda ba ce. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda aka yi a kan mata 298 da suka je wani asibitin gaggawa a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin bayan an yi musu fyaɗe, ya gano kashi 70 cikin ɗari sun samu wannan sandarewar jiki a lokacin. Haka tsananin tsoro yake yi wa jiki, ba a zaɓar sa.

Ta fuskar addini ma kada wani ya ruɗe ki. Malaman Musulunci ba su saɓa ba a kan cewa wadda aka tilasta wa ba ta da zunubi kuma ba ta da haddi. Masu cewa kai ƙorafi tonon asiri ne ko gulma, su koma ga Imam Nawawi: a cikin wurare shida da ya lissafa inda aka halatta ambaton mutum da abin da ba ya so a bayan idonsa, na farko shi ne wanda aka zalunta ya kai kukansa ga mai ikon ƙwato masa haƙƙi. Suturar da addini ya kwaɗaitar ta wanda ya yi kuskure tsakaninsa da Allah ce, ba ta mai farautar 'ya'yan mutane zango bayan zango ba. 'Yan uwana Kirista, ku ma kun san babu inda aka koyar da ku rufa wa azzalumi asiri a bar marar ƙarfi yana kuka.

Game da malamai, ina so ku san ba a banza ake magana ba. A 2018 wani sautin waya ya bazu, inda aka ji wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, Richard Akindele, yana neman lalata da ɗaliba don ya ƙara mata maki. Jami'ar ta kore shi, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar da shi, a watan Disambar shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu bayan ya amsa laifinsa. A watan Oktoban 2019 sashen bincike na BBC ya fitar da rahoton da 'yar jarida Kiki Mordi ta jagoranta, aka ɗauki malamai a ɓoye a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana suna neman 'yan jaridar da suka je a matsayin ɗalibai. Ita kanta 'yar jaridar ta faɗi cewa irin wannan matsi ne ya raba ta da karatun jami'a. Abin da ya kama waɗannan mutane shaida ce. Saboda haka kada ki goge saƙo don takaici. Ki ɗauki hotonsa, ki tura wa wani wuri da ke kaɗai ke buɗewa. Ki rubuta rana da lokaci da wurin da aka yi kowace magana, da wanda ya gan ki kina shiga ko fita. Ki adana takardun gwajinki da sakamakonki. In ya kira ki ofis, ki tafi da ƙawa ta tsaya a bakin ƙofa.

Wasu za su ce to me zai hana a watsa shi a intanet kowa ya gani? A watan Fabrairun 2019 'yan matan Arewa sun yi haka a Twitter da taken ArewaMeToo, kuma sun fasa wani shiru da ya daɗe. Ina jinjina musu. Amma sun sha zagi da barazana, har 'yan sanda suka kama ɗaya daga cikin masu fafutukar a Kaduna. Abin da aka saka a intanet ba ya dawowa, kuma wanda kika ambata yana iya maka ki kotu da zargin ɓata suna. Ban ce kada ki yi ba, labarinki naki ne. Na dai ce ki fara zama da wanda ya san doka, ki ji abin da zai biyo baya, sannan ki zaɓa ido buɗe. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna da ofisoshi a jihohi, kuma wannan na cikin aikinsu.

Ba kullum ne mai cin zarafin ke zama malami ko baƙo ba. Sau da yawa wanda ake kira masoyi ne. Yana farawa da abin da ake ɗauka kishi ne na so: ba ni wayarki in gani, wa ya kira ki, kada in ƙara ganin ki da wance. Daga nan sai tsawa, sai mari na farko da kuka da rantsuwar ba zai sake ba. Sai hoton da ya lallaɓe ki kika tura, wanda yanzu ya zama igiyar da yake jan ki da ita: in kin rabu da ni zan tura wa yayanki. Ƙanwata, biyan buƙatar mai irin wannan barazana ba ya kashe ta, ƙara mata ƙarfi yake yi. Abin da yake yi laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Haka kuma dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda ake kira VAPP, ta haramta bibiyar mutum da tsoratar da shi da azabtar da shi da baki, ta ba kotu ikon ba da umarnin kariya da zai hana mutum kusantar ki, ta kuma hana a kori wanda ya kai ƙara ko a dakatar da shi saboda ƙarar. A Abuja take aiki kai tsaye, jihohi kuma kowace sai ta amince da tata, don haka ki tambayi yadda ta jiharku take. Ku matan aure da ke karatu, haƙurin zaman aure da iyayenmu suka hore mu da shi gaskiya ne, amma bai haɗa da karaya da kumburin ido ba. Kuma masu aikin tsaya wa waɗanda aka zalunta sun daɗe da lura cewa lokacin rabuwa shi ne mafi haɗari, don haka ba a yin sa da ka. Ana shirya inda za a kwana, da wanda za a kira, da inda takardu suke.

Mafi yawanku da ke karanta wannan, in Allah ya so, abin ba zai same ku ba. Amma da wuya ku gama makaranta ba wata ta zauna a bakin gadonku da dare ta ce tana da magana ba. Ɗaliba ba ofis take fara zuwa ba, ƙawa take fara gaya wa. Abin da ya fito daga bakinki a wannan minti na farko shi zai sa ta je asibiti gobe ko ta yi shiru shekara goma. Kada ki ce "me ya kai ki?" Kada ki ce "kin tabbata?" Kada ki saki salati da kururuwa har 'yan ɗakin kusa su leƙo. Ki ce mata: "Na yarda da ke. Ba laifinki ba ne. Me kike so mu yi?" Ki tambaye ta ko tana jin tsoron komawa inda take kwana. Ki gaya mata maganar sa'o'i 72, ki ce za ki raka ta. In ta ce ba ta shirya kai ƙara ba, kada ki matsa mata, kada kuma ki je ki kai a madadinta don kina ganin shi ne daidai. An riga an yi mata abu ba da yardarta ba sau ɗaya; kada ke ma ki yi mata na biyu da sunan taimako.

Sannan ki riƙe bakinki. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ba a gaya wa aminiya "don ta taya da addu'a." Ba a gaya wa saurayi. Ba a yin habaici da shi ranar da aka yi faɗa a kan bokitin ruwa. In nauyin ya yi miki yawa, kuma zai iya yi, ki je wajen mai ba da shawara ki sauke naki ba tare da kin ambaci sunanta ba. Abu ɗaya ne ke karya wannan alkawari: in ta fara maganar kashe kanta, ko kika ga ranta na cikin haɗari. A nan sai ki gaya mata gaskiya cewa ba za ki iya riƙe wannan ke kaɗai ba, ki nemo babba wanda ita ma ta yarda da shi, kada kuma ki bar ta ita kaɗai.

Ƙannena maza, ban manta da ku ba, kuma ba a matsayin waɗanda ake zargi kawai nake kallon ku ba. Ana yi wa maza ma, a hostel, a makarantun kwana tun suna yara, a hannun manya da suka yarda da su. Namijin da abin ya sama ya fi mace rasa inda zai kai kukansa, don yana tsoron a ce ba namiji ba ne. Dokar VAPP ta amince cewa ana yi wa namiji fyaɗe, cibiyoyin da na ambata suna karɓar maza, maganin PEP ma ɗaya ne. In kai ne, ƙanena, duk abin da na faɗa a sama da kai nake.

Sauranku kuma, kun fi kowa sanin abokanku. Kun san wanda ke zama a majalisa yana ba da labarin yadda ya yi wa wata dabara, ana dariya ana tafawa. Wannan dariyar ce ɗaurin gindinsa. Ba sai ka yi dambe da shi ba. Ka ce masa "wannan da ka faɗa fyaɗe ne," ka tashi. Na san kuma abin da ke ran wasunku: to in aka yi wa mutum sharri fa? Ƙazafi zalunci ne babba, addini da doka duk sun yi masa hukunci. Amma ku duba da kyau, tsarin sirri da bincike na adalci shi ne ke kare wanda aka yi wa ƙarya. Inda babu ofishin da za a saurari kowane ɓangare a rufe, can ne magana ke komawa intanet, inda ake yanke hukunci ba a ji ta bakin kowa ba. Ku ma kuna da riba a gyaran nan.

Gyaran kuwa ba zai zo da kansa ba. Ku da ke cikin ƙungiyar ɗalibai, da ta ɗalibai Musulmi MSSN, da ta ɗalibai Kirista FCS, da ƙungiyoyin jiha da na sashe, kuna iya rufe ƙofar makaranta a kan ƙarin kuɗi ko rashin ruwa. Ku kai wannan ma teburin shugabanni. Ku nemi a rubuta a fili, a manna a kowane hostel, wane ofis ne ke riƙe sirri, wane ne ke kai rahoto. Ku nemi a samu mace da namiji masu horo da za a iya samu ko da tsakar dare. Ku nemi a ajiye PEP a asibitin makaranta. Ku nemi a ba ɗalibar da ta yi ƙorafi damar canza mai duba furojet ɗinta, a kuma ba wani malami daban takardar jarrabawarta ya duba. Ku nemi kada a sa abokin aikin wanda ake zargi na sashe ɗaya a cikin kwamitin da zai saurari ƙarar. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabon gini.

Kafin wannan makon ya ƙare, ki ja ƙawarki, kai ma ka ja abokinka, ku je ku ga inda sashen ba da shawara na makarantarku yake, ku yi musu tambayoyin nan tun ba abin da ya faru. Ku nemi sanin cibiya ko babban asibiti mafi kusa da ke ba da PEP, ku ajiye lambarsu a waya. Allah ya tsare ku, ya ba ku abin da kuka je nema, ya mayar da ku gida lafiya.